Kaset ɗin Inna

Kai Kabiru, tun ƙaramar salla ka ishe ni da maganar tsohon kaset ɗin nan da ke ƙasan akwatina. Wai in ba ka ka juye shi a kwamfuta, wai akwai wata manhaja da ke tono muryar da aka goge. Na ji ka. Na kuma ji abin da kake gaya wa ƙannenka, cewa kakanku Malam Isa mutum ne mai tsanani, da gangan ya goge muryar kakarku don ba ya son a ji muryar mace. Ban ga laifinka ba, haka kowa ya sani a danginmu, har gwaggonku Hajara da wannan zance ta koma ga Allah. Baba ne ya roƙe ni in rufa mashi asiri, na rufa, rufin kuma ya daɗe har ya zama ƙazafi a kansa. Yanzu duk waɗanda za su ji kunya sun kwanta dama, saura ni. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Ni ɗan fari ne. Ku ba ku san nauyin wannan ba, tunda uwarku ƙwala wa Kabiru kira take yi daga kicin har maƙwabta su ji. A Tamawa ta wancan zamani, mace mai mutunci ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi mashi magana ido da ido, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa a unguwarmu, har mata suna misali da ita. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo Dela, yayar Baba da ke zaune a gidanmu, can na tashi. Sunana Lawal, kowa a gari yana kirana, ban da mutum biyun da suka haife ni. A bakin Baba ni "kai" ne, ko "yaron nan". A bakin Inna ni "wancan" ne, sai da aka haifi ƙanwata Hajara na samu ƙarin girma na zama "yayanki". Ita ma Inna, da yake matar Baba ce ta fari kuma ita kaɗai, ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Ke" yake cewa, in a waje ne ya ce "mutanen cikin gida". Sai da na yi wayo na ji a bakin wata tsohuwa cewa sunanta Rakiya. Kada ku ce ba ta so na. Na sha kama ta tana leƙena ta kafar zana in ina cin abinci, da na ɗago sai ta kau da kai. Amma in gaya maku gaskiya, abin yana mani ciwo. Ina ji ta kira Hajara, ta ja sunan nan har ƙarshensa, sai in tashi in bar wurin, har na yi gemu ban daina ba.

Shekarar da ake ƙarasa aikin dam ɗin Zobe, lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, ina malamin gona a Dutsin-Ma. Ina da babur, ina yawo Karofi da ƙauyukan bakin ruwa, ina koya wa manoma abin da suka riga ni sani. Kusa da tasha akwai shagon Oga Sande mai gyaran rediyo, mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har ya fi ni iya baƙar magana da Hausa. A wurinsa na ga 'yar rakodar. Ba irin manyan nan ba ce da ake ɗauka a kafaɗa, wannan aljihun riga take shiga. Tana da igiyar ratayawa, da abin sawa a kunne mai soso, da maɓallai a jere, guda ɗaya ja. Ka sa kaset ka ji kai kaɗai, in ka danna jan kuma ta ɗauki maganarka. Ina sawa a kunne na ji kiɗa ya cika mani kai, na waiwaya na ga ba wanda ke ji sai ni, na ce wallahi ba zan bar ta ba.

Ranar Juma'a na tafi da ita gida don in yi burga. Hajara ta zo wuni daga gidan mijinta a Kurfi, ita ta fara karɓa, ta sa a kunne ta dinga ihu tana magana da ƙarfi kamar duk mun kurmance. Gwaggo Dela tana faɗa da akuyar da ta sa baki a tsaki, na lallaɓa na danna jan maɓalli, sannan na mayar na kunna mata. Ta saurara, ta yamutsa fuska.

"Wace jarababbiyar tsohuwa ce wannan? Kai, wannan ko mijinta ya sha wuya."

"Ke ce, Gwaggo."

"Ƙarya kake, ɗan nema! Ni muryata zaƙi gare ta, je ka tambaya."

Ana cikin dariya na mayar da abin a kunne, na jingina da rumbu ina kaɗa kai. Ashe Baba ya dawo daga masallaci, ya yi sallama, ya sake, kowa ya amsa ban da ni. Sai ji na yi an zare mani abin daga kai. Ya juya shi a hannu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera.

"Abin da zai toshe kunnen Musulmi ya hana shi amsa sallama, ba abin arziki ba ne. Wanda ya ƙera wannan so yake kowa ya zauna shi kaɗai."

Inna tana bakin madafi tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, da Hajara ta yi magana kamar kullum.

"Akwatin gulma ke nan, a faɗa mashi ya je ya faɗa. Ki gaya wa yayanki kada ya kusanto da shi ɗakina."

Ta faɗi haka, amma na lura hannunta ya tsaya a kan rariya lokacin da muryar Gwaggo ta fito, ya daɗe bai motsa ba.

Bayan kaka tari ya kama Inna. Da farko aka ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Na matsa aka kawo ta asibiti a Dutsin-Ma, aka ba da magani, aka mayar da ita, jiki dai kullum baya yake yi. Mijin Hajara, Allah ya saka mashi, ya bar ta ta dawo gida jinya. Da na ga Inna ta daina fita ko tsakar gida, sai na bar wa Hajara rakodar da kaset na karatun Alƙur'ani, na ce ta riƙa kunna mata ta 'yar sifikar ko zai ɗebe mata kewa. A cikin jakar akwai wani sabon kaset da ban ɗauki komai a kai ba, ban ma tuna da shi ba. Na yi zaton za ta kore shi, sai ga akwatin gulma ya samu wuri a gefen filonta. In na zo dubiya sai in durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Inna, ya jiki?" Ita kuma ta juya fuska bango, duk da irin wahalar da juyin ke ba ta.

"A ce mashi da sauƙi. A ce ya rage gudu da babur ɗin nan, tun daga rafi ake jiyo shi."

Ni da ita mu kaɗai ne wani lokaci, ba wanda za a ce ya ce. Haka dai za ta faɗa wa bango, ni kuma in ce to.

Da bazara ta rasu, ruwan fari bai sauka ba. Ina Karofi wurin rabon iri aka aiko. Na zo na tarar an riga an yi mata sutura, ban ga fuskarta ba. A maƙabarta, da aka fara tura ƙasa, abin da ya zo mani a rai shi ne shike nan, bakin nan ya rufe bai kira ni ba. Ina jin kunyar wannan tunani a irin wannan wuri, amma shi ne ya zo.

Ranar sadakar uku, mata sun cika gida ana rabon gumba, Hajara ta ja hannuna zuwa bayan rumbu. Idanunta sun kumbura.

"Yaya, Inna ta bar maka magana a cikin abin nan naka."

Na ce wace irin magana. Ta ce wata rana da hantsi Inna ta ɗan samu ƙarfi, ta tambaye ta ko da gaske abin yana riƙe murya. Ta ce mata yana riƙewa. Inna ta ce, ko mai muryar ya mutu? Hajara ta fashe da kuka, Inna ta daka mata tsawa ta ce ba kuka ta tambaye ta ba. Sai ta sa ta ɗauko sabon kaset ɗin ta saka, ta danna mata, ta ce ta fita ta ja ƙofa, kuma kada wancan ya ji sai bayan ranta.

"Na fita, Yaya, amma ban yi nisa da wuri ba. Na ji ta faɗi sunanka. Wallahi da kunnena na ji. Sai kunya ta kama ni na gudu madafi, ban ji sauran ba."

Na zauna a ƙasa. Da na dawo hayyacina na nufi ɗakin Inna, na ɗaga filo, na duba ƙarƙashin gado, na buɗe kwalla da fanteka. Ba rakoda. Gwaggo Dela ta same ni ina birkita kaya, ta ce in bari, ubana ya ɗauke tun ranar da aka yi rasuwar. Hajara ta gaya mata, ita kuma ta ga bai kamata a ɓoye wa mai gida ba. Bakin Gwaggo dai kun ji labarinsa.

Na daure har aka yi arba'in. Sannan na sami Baba a zaure bayan la'asar, na durƙusa, na ce na zo karɓar abin da Inna ta bar mani. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba.

"Abin da ta rufe tun tana yarinya har ta tsufa, ba ni zan buɗe shi tana kabari ba. Muryar matata ba za ta yi yawo a aljihunka a Dutsin-Ma ba, abokai suna karɓa suna sawa a kunne."

"Baba, ba wanda zai ji sai ni. Ni ta yi wa magana."

"Na ce a'a."

"To rakodar ai tawa ce."

Ina faɗa na san na yi rashin kunya, amma kun san ni da zuciya. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi, na buga babur, na yi irin gudun da Inna ta hana ni.

Duk daminar nan ban taka Tamawa ba. Taki na aika da shi ta hannun direba, gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa. Raina a ɓace yake ƙwarai. Ina ganin an hana ni abu tana raye saboda al'ada, na haƙura, yanzu ita da kanta ta ba ni an sake hana ni. Na kan kwanta in yi ta gwada yadda sunan zai fito a bakinta, ko za ta ja shi kamar na Hajara, ko za ta yanke shi gajere don kunya. Wata rana aiki ya kai ni kasuwar Kurfi, wani mai tebur da ya san gidanmu ya tsayar da ni yana dariya.

"Malam Lawal, ashe tsohonka ya zama ɗan zamani! Kowace kasuwa sai ya zo sayen batir. An ce a gona ma da abin nan a kunne ake ganinsa, a yi mashi sannu ba ya ji."

Na yi yaƙe na wuce. Wato mutumin da ya ce abin ba na arziki ba ne, shi ne ya toshe kunnensa da shi, yana shan maganar da aka bar mani ni. Ranar ko abinci ban iya ci ba don takaici.

Gero ya fara nuna, wata ranar kasuwar Dutsin-Ma, na dawo gida da azahar na ga mutum a tsaye a ƙofar gidan da nake haya. Sai da na matso na gane Baba ne. Bai taɓa zuwa inda nake ba, uba ba ya bin ɗan fari gida. Ya rame, rigarsa ta yi mashi yawa, wuyansa duk jijiya. Yana riƙe da wani ƙunshi a ƙirji, na gane ɗankwalin Inna ne mai ruwan bula. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya girgiza kai.

"Kai ni wurin mutumin da ya sayar maka da abin nan."

Oga Sande na ganin dattijo ya miƙe ya share mashi benci, ya kashe rediyon da yake gwadawa. Baba ya kwance ɗankwalin a hankali, ya ajiye rakodar a kan tebur cikin tarkacen wayoyi. Fentin maɓallan duk ya goge don dannawa. Bai dube ni ba, da Sande ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai maganar wata baiwar Allah a ciki, kullum in ya je gona yakan zauna gindin ɗorawa ya ji. Shi ba ya karatun boko, ya dai ga inda ɗiyarsa ke dannawa ya riƙe. Rannan ya taso daga noma, hannunsa duk laka, idonsa kuma ba kamar da ba, ta fara magana ke nan sai ya so ya mayar baya ya sake ji, yatsansa ya sauka wani wuri. Sai ta yi shiru. Ya duba ya ga abin yana juyawa, ya ce ko hutawa take yi, ya zauna yana jira har ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

"Da na mayar na kunna, sai na ji ni ne a ciki. Na hau kanta. To shi ne na ce ka cire tawa, tata tana ƙasa."

Sande ya dube ni, na dube shi. Ni na riga na gane. Ya ciro kaset ɗin, ya juya shi, ya sa ɗan yatsa a gefensa.

"Baba, ka ga ɗan haƙorin nan? Da an karya shi tun farko, ko an danna jan ba zai..."

Ya ga fuskar Baba, ya haɗiye sauran. Ya jawo kujera ya zauna dab da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin ba ya hawa kan juna kamar tabarma. In sabuwa ta shiga, tsohuwa ta tafi. Ba ta ƙasa."

"Ko an kai Kano?"

"Ko an kai ƙasar da aka ƙera ta, Baba."

Baba ya ce innalillahi, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ni kuwa zuciyata tafasa take, na buɗe baki zan yi magana, Allah ya taimake ni ban yi ba. Sande ya saka sabon batir, ya mayar da kaset ɗin farko, ya miƙo mani. Ya ce Allah ya jiƙan Mama, ya fita ya saki labulen shagon, na ji yana korar masu kawo gyara yana cewa su dawo anjima. Baba ya juya fuska bango, irin juyin Inna sak.

"Ji abin da ya saura. Haƙƙinka ne."

Na sa a kunne na danna. Sai ga tarin Inna, kusa ƙwarai, kamar a kafaɗata take. Ta ce, "Ya fara? To fita, ja ƙofar." Ƙofa ta yi ƙara. Ta yi numfashi, ta yi bisimilla. Ta ce, "Wannan magana ta wancan ce, wanda ke Dutsin-Ma. In ba shi ba ne, a kashe." Ta ɗan yi dariya, wai ita kunya, ta ja numfashi za ta ci gaba. Sai ƙas. Iska ta shigo, da kukan kurciya, da ganyen dawa yana kaɗawa. Can sai muryar Baba.

"Ke. Ke, ya kika yi shiru?"

Aka jima. Na ji yana bubbuga abin da yatsa.

"Ke, magana nake. Rakiya. Rakiya, yi magana mana. Rakiya, kada ki yi mani haka, ni kaɗai ne a nan."

Daga nan ba magana, sai kukan dattijo, irin wanda ake yi da baki a rufe. Bai tsaya ba, zaren yana tafiya yana cinye maganar uwata, shi kuma yana zaune yana jiran ta dawo. Ban iya kai ƙarshe ba na zare abin daga kunnena. Duk fushin da na yi damina guda ina tarawa, na neme shi na rasa. Na dubi ƙeyar Baba, furfura ta cinye ta, na ga ashe tun bazara mutumin nan ba shi da kowa sai 'yar muryar nan, kuma da hannunsa ya kashe ta. Tausayinsa ya kama ni har na manta da nawa rashin.

Na ce ya hau in kai shi gida. Bai yi musu ba. Na tuƙa a hankali, yana riƙe da rigata ta baya, har muka wuce Kurfi. Da muka zo daidai gonarmu ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka ratsa cikin gero zuwa gindin ɗorawar. Akwai wani dutse da ya yi sumul don zama, ga matattun batir a tare a gefe, ya jera su kamar wanda zai sake amfani da su. Ya zauna, ya nuna mani ƙasa na zauna.

"Maganar da na gaya maka a zaure, ba ita ce ba. Ranar da na fara ji na ce gobe zan ba ka, in dai ƙara ji sau ɗaya. Gobe ta yi na ce sau ɗaya. Na san in ka tafi da ita Dutsin-Ma gidan zai yi shiru. Na ci amanarka, na ci tata."

Na ce Baba ya bari, ya wuce. Ya ɗaga mani hannu.

"Bai wuce ba. Na ji ta har na haddace, ba abin da ya ɓace mani. Zan faɗa maka yadda ta faɗa. Kada ka dube ni."

Na sunkuyar da kai. Ya gyara murya, ya fara, yana tsayawa inda ta tsaya, har inda tari ya katse ta sai ya ɗan dakata. Ta ce furar da Gwaggo ke ba ni in tafi makaranta da ita, ita ke damawa, Gwaggo miƙawa kawai take yi. Ta ce shekarar da na yi ƙyanda, da aka hana ta shiga ɗakin, a bayan zana ta yini tana jin numfashina, har ƙafarta ta kumbura. Ta ce in ta ji ƙarar babur daga rafi sai ta tashi ta gyara ɗaurin ɗankwali, ko da ta san bango za ta kalla. Ta ce in riƙa cin abinci, na cika rama. Ta ce in yi haƙuri da ubana, bakinsa ne mai kauri, cikinsa ba haka yake ba. A nan muryar Baba ta karye. Ta ce ta yafe mani duniya da lahira, ni ma in yafe mata, kunya ce aka koya mata, ba ta san yadda ake ajiye ta ba.

Ya tsaya a nan. Na ɗauka ya gama, na kuma ɗauka zai tsallake abin da na fi so, don na san shi ma bakinsa bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Ban ga laifinsa ba, na fara yunƙurin tashi.

"Saura na farkon, inda gogewar ta fara. Bayan ta yi dariyar nan, sai ta kira. Ba ta yanke ba, ja ta yi. Cewa ta yi..."

Na ji carbinsa ya faɗi a kan dutse.

"Lawal. Lawal, ɗana."

Ban san lokacin da na ce na'am ba. Har yau ban san wa na amsa wa ba a cikinsu.

Baba ya ɗauki carbinsa, ya share fuska da hannun riga, ya ce kada kowa ya ji abin da ke cikin kaset ɗin nan yana raye, gara a ce mugunta ce ta sa ya goge. Ya miƙo mani rakodar a cikin ɗankwalin. Ya rayu shekaru bayan haka, muna zaune lafiya, kuma bai sake kiran sunana ba, na koma "kai" har ya rasu. Ban nema ba.

To Kabiru, ka ji. Oga Sande ya riga ya ba da amsar manhajarka tun ba a haife ka ba, muryar kakarku ba ta ƙasa. Ko da kuwa tana nan, in sai an cire ta Baba za a same ta, ban yarda ba. Kaset ɗin yana cikin ɗankwalin, na karya ɗan haƙorin tun a ranar. In kuna son ji, ku zo ɗakina ɗaya bayan ɗaya, ku sa a kunne, ku ji kakanku yana kiran matarsa.